Ana Murnar Tagullar Benin, Ana Kwashe Mana Bakin Kwara Da Rana Tsaka

A watan Yunin 2025 ƙasar Holan ta dawo wa Najeriya da kayan tagulla na masarautar Benin guda 119. Kafin ita Jamus ta fara miƙo nata a ƙarshen 2022. An yi biki, an yi jawabai, an ɗauki hotuna, mu ma a nan kowa ya ɗora a shafinsa yana tsine wa Turawan da suka fasa fadar Oba a 1897. Ban da ja a kan wannan, ɓarawo ya dawo da kaya ai abin murna ne. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, mun iya kuka a kan satar da aka yi shekara ɗari da ashirin da wani abu da suka wuce, amma wadda ake yi yau, da diga da shebur, da hannun 'ya'yanmu, tun daga Mali har Kudancin Kaduna, ba mai ko tari a kanta. Kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa yin gum, alhali a tsakar gidanmu ake yin ta.

Ina maganar kogin Kwara ne da duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikinsa. Kogin nan da Turawa ke kira Neja, mutanen Mali na sama su ce Joliba, Zabarmawa da Sanwai su ce Isa. Ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kilomita kusan 4,200, ya bi ta Bamako da Gawo da Yamai da Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja kafin ya faɗa teku. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato a cikinsa suke zuba. Kogin Kaduna da Gurara ma haka. Wato Basakkwace da Bazamfare da Bakabe da Bazazzage duk 'yan gida ne a wannan zance, kada wani ya ɗauka labarin wata ƙasa mai nisa nake kawowa.

Bari in fara da Jenne, don a gane me ake asara. Kusa da garin Jenne na yanzu, a ƙasar Mali, akwai wani tudu da ake kira Jenne-Jeno, wato tsohuwar Jenne. A 1977 wasu masana tonon tarihi biyu, Roderick da Susan McIntosh, suka fara tona shi a hankali, hawa-hawa, suna rubuta abin da suka samu a kowane taki. Sai ga shi mutane sun zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noma shinkafarmu ta Afirka, suna ƙera ƙarfe a wurin da babu tama sai an kawo daga nesa, har garin ya girma ya yi ganuwa. To kafin wannan aiki, abin da ake koyarwa a manyan jami'o'in duniya shi ne baƙar fata na Yammacin Afirka bai san birni ba, bai san fatauci mai nisa ba, sai da Larabawa suka ƙetaro Sahara suka koya masa. A 1963 ma wani babban farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya nuna cewa Afirka ba ta da wani tarihin da ya cancanci a karanta ban da na Turawan da suka shigo ta. Me ya rufe wa irinsu baki? Gawayi da ƙwayar shinkafa da kashin kifi da fasassun tukwane, waɗanda aka samu a inda masu su suka bar su, ba wanda ya riga ya birkita.

Wannan kalma ta "birkita" ita ce gaba ɗayan maganar, kuma ita ce mutanenmu ba su gane ba. Idan mai haƙa ya sa diga ya zaro kan mutum-mutumin yumɓu ya cusa a buhu, kan yana nan, ana iya sayar da shi, ana iya sa shi a gilashi a Faris. Amma gawayin da ke gefensa wanda da shi ake auna shekaru, da tukunyar da ke ƙarƙashinsa, da yadda aka ajiye shi, ko a kabari ne ko a ɗaki ko a juji, duk sun tafi, kuma ba kotun da za ta dawo da su. Tagullar Benin an san fadar da aka ɗauke ta, an san ranar, an san sunan sojojin. Shi ya sa ake iya cewa a dawo da ita. Abin da aka tono da dare a dajin Kagarko ko a gefen Tera, ko an dawo da shi gobe, kurma ne, ba abin da zai faɗa mana.

A tsakanin 1989 da 1991 an zagaya kufai 834 a yankin fadamar Kwara ta tsakiyar Mali, aka tarar kashi 45 cikin ɗari an riga an taɓa su. A Nijar kuwa, a Bura da ke jihar Tilaberi, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, Boube Gado na jami'ar Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, aka fito da tulunan binne mutane masu ado da mahayin doki na yumɓu wanda ya yi suna. Sai aka kai kayan baje koli a Faransa a farkon shekarun 1990. Daga nan fa dillalan Turai suka ga abin da ke akwai, farashi ya tashi, kafin a ankara an mayar da yankin kamar gonar da gafiya ta shiga. Ku dubi abin takaici: nuna kayan da aka yi don a girmama mu shi ya zama tallar da ta jawo ɓarayi.

Mu dawo gida. Nok wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da kawunan gasasshen yumɓu a can. A wajajen 1943 aka sami wani kai kusa da Jama'a, wanda ya tsince shi ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi, har labari ya kai ga Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A Taruga, can wajen Abuja, an samu murahun narka tama da suka haura shekara dubu biyu. Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sun shiga aikin tun 2005, suka nuna mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Gero suke nomawa da wake. A 2021 aka fitar da binciken da ya gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu, wato shekara dubu uku da ɗari biyar da suka wuce ana cin zuma a Kudancin Kaduna, ana zuba ta a tukunya. Gero da wake da zuma, jama'a. Wannan ai kwanon gidanmu ne. Amma su waɗannan masana, a mafi yawan wuraren da suka je, sun tarar masu diga sun riga su, rami a kan rami. A watan Fabrairun 2017 aka sace shugaban tawagar, Farfesa Peter Breunig, da abokin aikinsa a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono a dajin ya durƙushe daga nan. Mai bincike ya bar daji, mai diga bai bari ba.

Yadda cinikin yake ba ɓoyayye ba ne. Yaro a ƙauye ya yi kwana da kwanaki a rami, wani lokacin ramin ya rufta da shi, a ba shi abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Dillali ya tattara ya kai birni. Daga can a bi da kaya ta Kwatano ko Lome, sai Brussels, sai Faris, sai gidan wani attajiri a Amurka. A hanya a yi masa takardar gwajin shekaru, a ƙirƙiro masa tarihin cewa wai tun zamanin mulkin mallaka yake a hannun wani iyali. Tun shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jan jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, kuma a ciki akwai na Nok da na Sakkwato da na Katsina, da na kwarin Kwara a Mali, da na Bura. E, Sakkwato da Katsina. Akwai mutum-mutumin yumɓu na dubban shekaru da duniya ta sani da sunan garuruwanmu, ana gwanjonsu da sunanmu, mu kuwa da yawa ba mu taɓa jin labarinsu ba, don kusan dukkansu ɓarayi ne suka tono su, ba wanda ya rubuta daga ina.

Na san abin da wani zai zo ya rubuta a ƙasan nan: "Malam, gumaka ne fa. Allah ya raba mu da su, kai kana kuka." To ɗan'uwa, ba wanda ya ce ka yi musu sujada. Amru ɗan Asi ya shiga Masar da rundunar da akwai sahabbai a cikinta wajen shekara ta 640, Musulmi sun mulki ƙasar fiye da shekara dubu da ɗari uku, ga Azhar a tsakiyarta, kuma dalar Giza da gine-ginen Luxor suna nan tsaye. Sannan in har da gaske ƙyamar gunki ce, me ya sa ba a ƙyamar kuɗinsa? Wanda ke tonowa da wanda ke dillanci ai ba fasa su suke ba, sayarwa suke. Kuma mu tuna su wa suka ɗauki wannan hujja suka kai ta ƙarshenta. A 2012 'yan Ansaru Dine suka kama Timbuktu suka sa gatari da diga a hubbaren malamai, suka ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. Da za su gudu a Janairun 2013 sai suka cinna wa littattafai wuta a cibiyar Ahmad Baba, aka rasa kimanin dubu huɗu. Littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri da hisabi, rubutun hannun malamai. Su ma gumaka ne? Da ba don Abdulƙadir Haidara da iyalan garin sun yi ta fitar da dubban ɗaruruwan littattafai a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a kwalekwale ta kan kogin nan har Bamako ba, da yanzu wani zancen ake.

Kuma Timbuktu da Gawo ba baƙinmu ba ne. Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun zo da addini zamanin Sarki Yaji daga Mali suka taso. Shehu Magili da ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasihar mulki shi ne ya zauna da Askiya Muhammadu a Gawo yana amsa masa tambayoyi. Ahmad Baba, wanda Marokawa suka kama suka kai Marrakesh bayan sun ci Sanwai a 1591, malaman jihadin Sakkwato sun karanta shi sun kafa hujja da shi. Hubbaren Askiya na nan a Gawo, ginin ƙasa mai tsawon mita 17 tun 1495, yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari tun 2012. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa, silsilar karatunsa ta ratsa ta bakin kogin nan ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya burge ni da Mali, duk da halin da take ciki, ba ta yi shiru ba. An kai Ahmad al-Faƙi al-Mahdi kotun duniya da ke Hague, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara tara a 2016, karo na farko da kotun ta hukunta mutum a kan rusa wuraren tarihi kaɗai. Maginan Timbuktu, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suka sake ɗaga hubbaren da hannunsu. A Jenne, duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yi wa babban masallaci yaɓe, ginin ƙasa mafi girma a duniya. Tun 1993 gwamnatinsu ta kafa ofisoshin kula da tarihi a Jenne da Timbuktu da Bandiagara, masu shiga ƙauye su zauna da dagatai da matasa, kuma a shekarar ta sa Amurka ta hana shigo da kayan kwarin Kwara. Mu sai 2022 muka sa hannu a irin wannan yarjejeniya da Amurka. Shekara ashirin da tara a tsakani.

To mu me muka yi da namu? Ga Surame a jihar Sakkwato, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 bayan ya yi wa Sanwai tawaye a kan rabon ganima, ya kafa daular Kabi. Ganuwar dutse, wadda irinta ba ta da yawa a ƙasar Hausa. An ayyana shi kayan tarihin ƙasa tun 1964, an sa shi a jerin jiran UNESCO tun 2007, yana nan yana jira har yau. Najeriya gaba ɗayanta wurare biyu kacal take da su a jerin duniya, Sukur da dajin Osun na Osogbo, Mali kuwa huɗu. Ga Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakin gulbin Rima. Ɗalibai nawa ne a Sakkwato da Kabi aka taɓa ɗauka a mota aka kai su su ga ɗaya daga cikin biyun nan? Yaranmu sun haddace cewa Mungo Park ne ya "gano" kogin Neja, ba su san Kanta ya yi birni a kan reshensa shekara sama da ɗari biyu kafin a haifi Mungo Park ba.

Tunda na ambaci Mungo Park, a Busa ya mutu a 1806, kuma tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa yanzu. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji, aka tashi mutane sama da dubu 40, ruwa ya shanye garin da fadarsa da kaburburansa. An ɗan yi tonon gaggawa kafin ruwa ya iso, har aka samu mutum-mutumin yumɓu a wani tudu kusa da Yelwa, amma kaɗan ne daga abin da ke wurin. Ku lura da shekarun. A daidai 1964 zuwa 1968 ɗin nan ne Masar, da ta ga madatsar Aswan za ta cinye Abu Simbel, ta tara duniya aka yanka ginin gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama da mita 60 aka sake haɗawa. Ban ce kada a yi dam ba, muna son wuta, muna son noman rani. Amma an gama Zungeru a kan kogin Kaduna, ana gina Kandaji a Tilaberi, a yankin da bai da nisa da Bura. Akwai hukumar raya kogin Neja mai ƙasashe tara, hedikwatarta a Yamai. Mali da Nijar da Burkina sun fice daga ECOWAS, amma ruwan bai san da wannan ba, yana nan yana bi ta ƙofar kowa. Me zai hana a sa doka ɗaya: ba a rufe ƙofar dam sai an zagaya an auna an tona an rubuta abin da ruwa zai binne, kuma a buga rahoton kowa ya gani?

Sai masu cewa, "Ana yunwa, ana kashe mutane a Sabon Birni, kai kana zancen tukwane." Wannan ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yaudare ku da zancen 'yan yawon buɗe ido ba. Ba Baturen da zai zo Alƙalawa a wannan hali, ko ni ba zan tura ɗana ba. Amma ku duba da kyau, dajin da aka bar wa ɗan bindiga shi ne aka bar wa mai haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya, shi ne aka bar wa mai tonon kufai. Rashin hukuma ɗaya ne. Kuma yunwar ba ta ragu da sayar da kan Nok ba, yaron da ya tono shi yana nan da yunwarsa, ribar tana Brussels. Abin da ake buƙata a yanzu ma ba biliyoyi ba ne: mai gadi da ake biyansa albashi a kan lokaci, dagacin da aka ba shi iko da lambar da zai kira, shinge, da gyaran dokar 1979 wadda har yau tararta da kuɗin wancan zamanin aka rubuta ta. Gwamnan da zai iya kashe kuɗi a kan ƙofar shiga gari mai fitilu zai iya wannan. Sarakunanmu ma, masu cewa su ne iyayen al'ada, al'adar ba ta tsaya a hawan sallah da naɗin sarauta ba. Dillalin nan ba ya shiga ƙauye sai da sanin wani.

Ga wata magana da nake so 'yan jarida da 'yan majalisarmu su riƙe. A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi mutum-mutumi uku daga hannun dillali, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su. A shekarar 2000 aka baje na Nok ɗin a gidan tarihi na Louvre, zamanin Shugaba Chirac, masana suka yi ca. Maimakon gwamnatin Obasanjo ta ce a dawo da su, sai aka daidaita a 2002: Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, da damar sabuntawa. Ku yi lissafi, 2027 ke nan. Ina so in ji daga hukumar gidajen tarihi da ministan al'adu, tun yanzu, ko za a karɓo su ko za a sake sa hannu a ɓoye. In kuma za a karɓo, a faɗa mana a wane ɗaki za a ajiye su, Jos ko Kaduna ko Sakkwato, da wanda zai kwana yana gadinsu. Sanatocin Kaduna ta Kudu da na Sakkwato, wannan tambayar taku ce, kuma kuna da ikon kiran ministan ya zo ya amsa ta a zauren majalisa.